Bazazzagi, Auna Tukunya Kafin a Yanka Katako

Bawana na Zazzau, ina maka jajen abin da ya same ka. Na so in yi maka jajen nan a ɓoye, daga ni sai kai. Amma da na tuna yadda ka miƙe a gaban mutane ranar ɗaurin auren nan na Tudun Wada, kana ba da labarin wai Bakano ko maƙabarta ya raka gawa sai ya tambayi kuɗin fili, sai na ga babu dalilin da zai sa in rufa maka asiri. Don haka ga shi a jarida, kowa ya karanta.

Jama'a, ga yadda aka yi. Wata uku da suka wuce mutumin nan ya kira ni da daddare, murya har rawa take yi don murna, ya ce zai gyara kicin. Ba shafa fenti ba, a'a. Fasa komai zai yi, a kira kafinta ya auna ɗakin, ya ƙera masa kabad na musamman daidai da wurin, ba irin na bakin titi da ake ɗorawa a a-kori-kura a kawo maka ba. Na ce masha Allahu, to me Hajiya ta ce? Sai ya amsa da Hausarsu ta Zage-zagi: "Ai matana bai sani ba, bazata zan yi mishi."

Tun daga nan na san kuɗi sun tafi. Mutanen da harshensu ma bai san da mace ba, mota "ya lalace", riga "ya yage", uwargida "ya tafi unguwa", ina za su tuna da ita ranar awon kicin? Kuma ku ɗin ne kuke cika mana kunne da Sarauniya Amina, wai mace ta ja muku rundunar yaƙi ta zagaye garuruwa da ganuwa. To wadda ta ja runduna kun yarda da ita, amma wadda take tuƙa maka tuwo shekara ashirin ba ta isa a tambaye ta inda za a ajiye muciya ba.

Washegari hotuna suka fara shigowa ta WhatsApp. Wani kicin fari fat kamar ɗakin tiyata, ga fitilu a ƙarƙashin kabad, ga wani tebur a tsakiya da Turawa ke kira tsibiri, a kansa an ɗora kwano da lemo uku. Na duba hoton sama da ƙasa ina neman tukunya, da ƙyar na hango wata 'yar ƙarama da ba za ta dafa wa mage abinci ba. Na ce maka wannan kicin ba a taɓa soya manja a cikinsa ba, ba a taɓa daka daddawa ba, ba a taɓa ƙona kai da ƙafa ba. Ka ce hassada ce irin ta Kanawa. Na ce to nawa ne faɗin naka kicin? Ka ce ƙafa 8. Na ce zo mu yi lissafi, tunda shi ne gadonmu. Ƙafa 8 santimita 244 ke nan. Kabad na ƙasa zurfinsa santimita 60, a sa dama da hagu, an cinye 120, saura 124. Tsibirin nan kuwa sai an bar masa kusan mita guda ta kowane gefe kafin mutum ya gifta da tukunya a hannu. A ina za ka dasa shi? Sai dai in a kan Hajiya za a ɗora. Ka yi shiru, na ji kana shaƙar numfashi, sannan ka ce layi ba kyau.

Makon jiya na taso takanas daga Kano don gani ya kori ji. Abin da na fara cin karo da shi a tsakar gida shi ne Hajiya a kan kujera 'yar tsugunno, ga kurfoti a gabanta tana fifita gawayi da faifai, hayaƙi na shiga mata ido. Mako shida ke nan a haka, tun ranar da ka sa aka fasa tsohon kicin. Kayan miya suna cikin kwali a ɗakin yara, kuloli a bayan kujerar falo, buhun shinkafa a tsaye a lungu kamar baƙon da ba a ba masauki ba. Ka ja hannuna da sauri muka wuce, kana cewa in zo in ga aiki.

Aikin kuwa ya yi kyau a ido, ba zan yi ƙarya ba. Bango ɗaya aka gama, fari, yana ɗaukar ido. Kana buɗe ƙofa kana rufewa, kana cewa in saurara, ko ƙara ba ta yi. Muna cikin haka Hajiya ta shigo, ba ta ce uffan ba, ɗauke da babbar tukunyar nan ta sallah wadda ke cinye kwano uku na shinkafa. Ta durƙusa, ta buɗe kabad, ta tura. Kunnen tukunya ya daki gefe. Ta juya ta, ta karkata ta, ta sake turawa, murfin ya tokare da kantar ciki. Ta ajiye ta a ƙasa a hankali. Ta miƙa hannu sama wajen kabad ɗin bango, yatsunta suka taɓa mariƙi da ƙyar. Sai ta fita, ta garo turmi, ta kife shi, ta hau, ta buɗe, ta sauko. Ta dube ni ta ce, "Malam ya yi ƙoƙari." Ta ɗauki tukunyarta ta koma wajen gawayi.

Wallahi da zagi ta yi da ya fi maka sauƙi.

Ban ma kawo maganar firji ba, wanda aka bar wa gurbi ya gaza da faɗin yatsa biyu, yanzu yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon gidansa kamar ɗan haya da aka kora. Kuma a Zariya aka yi wannan! Garin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na cikin birni a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara, ya ɗaure bakan gizo da masu nazarin gini suka yi ta zuwa kallo. Garin da ake koyar da zanen gine-gine a jami'a. Ashe duk wannan bai tsallaka katangar gidanka ba. Babban Gwani ba shi da tef ɗin awo na ƙarfe, kai kana da shi har biyu, na gan su a kan talabijin.

Tunda ku Zage-zagi ba ku jin magana sai an haɗa da littafi da shekara, bari in ba ka. Irin wannan kicin da ake ƙera kabad a jere a manne da bango, wanda ya fi shahara a matsayin mafarinsa shi ne na birnin Farankfot a Jamus, a 1926. Wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ita ta zana shi, aka sa shi a gidaje kusan 10,000. Ɗan ƙarami ne, mita 1.9 da mita 3.4, ta ɗauko dabarar ne daga matsattsen kicin na jirgin ƙasa. Ita da bakinta ta faɗa daga baya cewa lokacin ko girki ba ta taɓa yi ba, wato dai kamar kai. Bambancinku, ita ta san ba ta sani ba. Ta tambayi matan gida, ta auna lokacin da kowane aiki ke ci, ta bi sawun mai girki daga murhu zuwa wurin wanke-wanke. Duk da haka da matan suka tare, mazuban alminiyam da ta rubuta wa suna, wannan na gari, wannan na shinkafa, sai suka riƙa zuba musu abin da suka ga dama. Wadda ta yi tambaya ke nan. Ina ga wanda ya yi bazata?

Sa'arka ɗaya, bango biyu ba a yanka musu katako ba tukuna. Don haka ka saurara, kyauta zan koya maka, ko da yake ka san Bakano bai saba ba.

Abin da ake fara aunawa ba bango ba ne, mai girki ce. Kafintoci sun haddace santimita 90 a matsayin tsayin kanta, kamar karatun allo, ba ruwansu da doguwa ce ko gajera. Hajiya ta tsaya, ta lanƙwasa hannu, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, a rage santimita 10 zuwa 15. Nan ne za ta yi yanka da wanki ba tare da baya ya ƙage ba. Wurin murhu kuwa sai ya fi haka ƙasa, kuma a nan ne masu kwaikwayon hoto ke faɗawa rami. Baturiya juya miya take yi da cokali, da yatsa uku. Tuƙin tuwo kokawa ce. Sai an danne tukunya da tsumma, a riƙe muciya hannu biyu, a saukar da ƙarfin kafaɗa daga sama. In ka ɗora murhun gas na kan tebur a bisa kanta mai santimita 90, ka ɗora tukunya a kansa, bakinta ya kai ƙirji. Da me za a tuƙa? Shi ya sa za ka shiga gidan da aka kashe dukiya a kicin, ka tarar an sauko da murhu ƙasa, uwargida na zaune a 'yar tsugunno tana tuƙi, kantar mabul kuma an jera mata kuloli. Ka sa a sassauta wurin murhu, ko a bar fili a ƙasa da gangan. Turmi ma a ba shi gurbinsa, da wurin da za a yi daka ba a kan tayil ba, ko ba don tayil ba ko don taɓarya ta samu sararin tashi ba tare da ta fasa kabad ɗin sama ba.

Bayan mai girki sai kayanta. A fito da su tsakar gida gaba ɗaya, kamar ranar jere. Babbar tukunya da murfinta da kunnuwanta, tanda, kaskon suya, rariya, matankaɗi, manyan kuloli, farantan baƙi, buhun shinkafa mai kilo 50, jarkar mai lita 25, bokitin gari, bilenda. Kafinta ya bi su da tef ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake taɓawa kullum ya zauna tsakanin ƙugu da ido. Abin da sai sallah ko suna ake nema ya hau sama. Mai nauyi ya sauka ƙasa. Amfanin a ƙera maka naka ke nan, ba launi ba. In dai ba za a yi wannan ba, gara ka sayi na bakin titi, ka san ko ba komai ba ka biya kuɗin awo ba.

Sannan a zo kan bango, kuma bayan an gama tayil, ba kafin ba. Na tambayi yaron kafintanka yadda aka yi gurbin firji ya gaza, ya ce ai da suka yi awo ba a sa tayil ba. To siminti da tayil ba su da kauri? Kuma bangonmu na bulo da filasta ba ka cika samun wanda ya miƙe sak ba. A auna ƙasa, a auna tsakiya, a auna sama, a ɗauki mafi ƙanƙanta. A duba inda bututun ruwa ya fito, inda soket yake, inda taga ke buɗewa. Firji kuma ba a matse shi kamar amarya a mota, yana son sarari a baya da sama don zafinsa ya fita.

Yanzu katako, inda aka fi cin kuɗin Bazazzagi. Ka ce min kafinta ya ce "na waje ne". Wane waje? Na leƙa bakin wani guntu da aka yar a ƙofar gida, na murza shi da farce, sai ga shi yana zubowa kamar dusa. Wannan ɓarɓashin katako ne aka kwaɓa da gam aka danne, aka lulluɓe da farar leda. Shi ne mafi araha, kuma shi ne ya fi tsoron ruwa. Sama da shi akwai MDF, wanda aka niƙa itacen ya yi laushi kafin a danne. Fuskarsa sumul, yana karɓar fenti, ya dace da ƙofofi. HDF ɗan'uwansa ne da aka fi matsewa. Amma dukkansu in ruwa ya samu baki ya shiga, sai su kumbura, kuma ba sa komawa. Akwai MDF mai jure danshi da akan rina cikinsa kore, sai dai koren alama ce kawai, ba shi ne maganin ba, kuma juriya ba ta nufin a jiƙa shi. Filawud kuwa siraran fallayen itace ne aka liƙa, wannan a tsaye wannan a kwance, shi ya sa yake riƙe sukuru kuma ba ya saurin lanƙwasa. Ka duba bakinsa ka ƙirga fallayen, ka ga ko akwai ramuka a tsakani. Wanda ake kira marin bod an haɗa shi da gam da ruwa ba ya narkarwa, ko da yake a kasuwanninmu sau da yawa wanda ake ba ka da wannan suna shi ne mai baƙar fuska da magina ke zuba dakin da shi. Kauri kuma ka nemi milimita 18 don jikin kabad da kantoci, ka sa a auna a gabanka, don da ido ba ka raba 15 da 18, sai ranar da kanta ta yi ciki a ƙarƙashin jarkar mai.

Ga wani lissafin Kanawa kyauta. Allon nan ƙafa 4 da ƙafa 8 yake zuwa, santimita 122 da 244. Shi ya sa zurfin 60 ke da albarka: a tsaga allo biyu, babu asara. Kai da ka ce a yi maka 70 don ya fi na maƙwabci, kowane allo gefe ɗaya zai ba ka, ragowar kuma kai ka biya, kafinta ya yi wa wani benci da shi.

To, kada ka ce na mai da kaina waliyyi. Ni ma na sha, kuma halinmu ne ya ja min. Shekara shida da suka wuce na je 'Yan Katako na Na'ibawa da kaina, na yi ciniki har mai kaya ya fara rantsuwa, na ɗauko mafi araha ina jin na ci riba. Aka yi kabad, har da na ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ashe bututu na ɗiga a hankali, ɗigo ɗaya ɗaya, babu wanda ya lura. Damina ta biyu na buɗe ƙofar, sai ta biyo hannuna gaba ɗaya, da hinji da sukuru da komai. Ƙasan ya kumbura ya yi kamar gurasar da aka jiƙa, ya yi baƙi, kyankyasai suka watse kamar an tashi kasuwa. Uwargidana ba irin Hajiyarka ba ce mai kawaici. Bakanuwa ce. Har yau in baƙi suka zo takan nuna musu wurin. Don haka in na ce maka ƙarƙashin famfo a sa filawud mai kyau ko alminiyam, a toshe kowane baki da aka yanka, a liƙe inda kanta ta haɗu da bango, ba daga littafi na karanto ba. Kuma kabad kada ya zauna a kan tayil kai tsaye. Matanmu da ruwa da tsintsiya suke wanke kicin, ba da ɗan tsumma ba. A yi masa dakali na siminti kamar santimita 10, ko a ɗora shi a kan ƙafafun roba.

Sai gara. Ba wadda iyayen Hajiya suka kawo maka ba ka cinye ko godiya babu, ɗaya garar nake nufi, wadda ke cin katako daga ciki ta bar maka fenti a tsaye. Na ga hanyarta a gindin katangarka ta baya, jar ƙasa ta hau kamar jijiya. Gidan da ke da wannan, ni da ni ne, ginin bulo zan yi a ƙasa, a zuba silab, a bi shi da tayil ciki da waje, kafinta ya kawo ƙofofi kawai. Ba ya kama da hoton wayarka, amma jikokinka za su gaje shi. In kuwa ka nace sai itace na gaske, madaci ko loko, to ka tabbata ya bushe. Ɗanyen falanki in aka yi ƙofa da shi, hunturu na zuwa zai tsuke ya tsage, damina ta zo ya kumbura ya ƙi rufuwa, ga shi ruwa ya fi sauka a wajenku fiye da namu. Madobiya kam kada ma ka sa rai da araha. An yi ta sare ta ana lodawa zuwa Sin har sai da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido a 2016.

Hinji da layin durowa, a nan ne ba a rowa. Katako zaune yake, su ne ke aiki, sau nawa a rana. Mai arha zai yi tsatsa, ƙofa ta sunkuya kamar ta yi laifi. A ƙasa kuma durowa mai zurfi ta fi ƙofa, don ita ke kawo maka kaya, ba sai an durƙusa an cusa kai ana lalube ba. Fari mai sheƙi yana gogewa da sauƙi, amma kowane yatsa da ya taɓa manja sai ya bar sa hannu. Kanta marar ƙofa da ka gani a hoto, ka jira watan Janairu ka ga yadda ƙura za ta yi wa farantai hoda. Saman kanta kuma, mabul ba ya shiri da tsami. Lemon tsami, tsamiya, ruwan tumatir, duk suna cin fuskarsa, mai kuma ya shige shi. Giranayit ya fi shi haƙuri.

Akwai abu ɗaya da ba wasa a ciki, a nan na ajiye zolaya. Na ga an yi wa tukunyar gas mai kilo 12.5 gida a cikin kabad, an rufe ruf, kusa da soket, wai don kada ta ɓata ado. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya ya taru, kuma rufaffen akwati shi ne abin da yake so. Ka fitar da ita waje, a yi mata keji mai shan iska a inuwa, a shigo da bututu ta bango. Wannan ko Hajiya ba sai an jira ta ba, yau za ka yi. Ina son in ci gaba da zolayarka shekaru masu yawa, ba ni da wani bawan.

Saura kai da kafinta. Na ji ka ba shi kusan duka kuɗin a matsayin kafin alƙalami, ba takarda ba shaida, don ya kira ka "Farfesa". Yanzu kana bin sa, yana ce maka jibi. Jibin kafinta da jibin tela uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ba na cewa macuci ne, hannunsa ma yana da kyau, na ga yadda ya haɗa kusurwa. Abin da ka nuna masa ya yi maka, kuma ba shi zai dafa abinci a ciki ba. Amma kafin a taɓa sauran bangon, ku zauna ku rubuta: wane allo, kauri nawa, wane hinji, durowa nawa, wace rana. Ya zana a takarda da awo, Hajiya ta gani ta yarda. Ranar sayen allo ka bi shi kasuwa. Abin da ya rage na kuɗi a raba, kaso na ƙarshe sai an kafa, an buɗe kowace ƙofa, an ja kowace durowa. Da tun farko ka tambaye ni, da na ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki damina biyu da suka wuce, ka buɗe ƙarƙashin famfo ka shinshina. Sabon aiki kowa gwani ne.

Na san abin da za ka ce. Za ka rubuto mako mai zuwa ka ce Bakano ya zo gidanka ya ci tuwo malmala uku, ya sha fura, ya tafi da ragowar katako a bayan mota. Na ci, kuma tuwon gawayin nan ya yi daɗi, Allah ya saka wa Hajiya. Katakon kuma guntaye ne, kai ka biya su ba ka san ma naka ba ne.

Ranar Asabar ina nan tafe da tef ɗina, don ban yarda da naka biyun ba. Kada a yanka ko da falle ɗaya kafin in iso. A fito da tukwane tsakar gida, a kira kafinta da yaronsa, a ba Hajiya kujera da alƙalami. Kai kuma aikinka riƙe bakin tef, in an ce ja ka ja, in an ce saki ka saki. Ka tanadi kuɗin sharata na bana da na bara, da kuɗin man mota daga Kano zuwa Kwangila.